Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Makullin Ɗakin Inna

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda Inna ta cika wata uku a gidan Yaya da ke Gwarimpa a Abuja, bayan shanyewar ɓarin jiki da ta same ta a daminar 2023. Yau zan ɗora daga wani zama da muka yi, wanda har gobe in na tuna shi sai na ji nauyi a ƙirjina.

Bari in fara da wanke Yaya, don kada wani ya ga baƙinsa. Babu abin da bai yi ba. Ɗaki mai banɗaki a ciki, gado irin na asibiti, keken guragu sabo fil, nas mai zuwa tun da sassafe, ga mai gashin ƙashi sau uku a mako. Matarsa da kanta take girka abin da likita ya ce, ba gishiri, ba man ja. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce Inna ta yi dacen 'ya'ya. Amma kullum ƙara zubewa take yi. Matar da ta shekara arba'in tana suyar masa a unguwar Gangare da ke Jos, wadda muryarta ke tashin gida tun kafin assalatu, ta koma daga "to" sai "na gode". Ta kai loma biyu ta ture kwano. In ka leƙa, za ka tarar ta ƙura wa taga ido, tagar da babu komai a bayanta sai katanga da waya mai ƙaya.

Ranar wata Lahadi muka taru a ɗakinta: ni, Yaya da matarsa, Kawu da ya zo daga Jos, sai Autarmu da ke Ingila a waya. Aka yi maganar canza nas. Aka yi maganar ƙaro mai kwana. Kawu ya ce tunda ba komawa za ta yi ba, a zuba 'yan haya a ɗakinta na Jos, awakinta uku kuma a kai su kasuwa. Ni da bakina na ce hakan ya yi. Duk wannan Inna tana kwance a tsakiyarmu, muna ta magana a kanta kamar kayan gadon da ake jiran rabawa.

Auta ce ta katse mu. "Yaya, don Allah ku yi haƙuri. Wai an tambaye ta kuwa?"

Auta aikin kula da tsofaffi take yi tun da ta tafi a 2022, gida-gida take bi. Ta ce a can, kafin ta taɓa tsohuwa sai ta duba takardar da aka rubuta da bakin ita tsohuwar: ƙarfe nawa take son tashi, mace take so ta yi mata wanka ko ba ta damu ba, da wane suna take so a kira ta. Ta ce an yi wata doka tun 1996, aka faɗaɗa ta zuwa ga 'yan shekara 65 zuwa sama a 2000, wadda ta ba da dama idan ƙaramar hukuma ta tantance mutum ya cancanci taimako, a miƙa masa kuɗin kulawar, shi ya ɗauki wanda ransa ya kwanta da shi. "Ba cewa nake can aljanna ba ce," in ji ta, "tsofaffinsu kaɗaici na cinsu. Amma ana tambayarsu."

Yaya ya ce nan ba Ingila ba ce, kuma gaskiyarsa. Mu a nan sai a Janairun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, ta fara aiki a Abuja a 2021. Wankan tsoho da cinsa da kwanciyarsa kuwa har yau a cikin gida suke, kuɗin daga aljihun 'ya'ya yake fita. Nan ne nake ganin muke yin kuskure ba da niyya ba: wanda ya biya kuɗi shi ke yanke magana, tsohon kuma ya ji nauyin cewa a'a, don kada a ce ya yi butulci.

Ɗakin ya yi tsit. Sai na ji Inna ta ja gefen mayafina da hannunta mai lafiya. Ita ba ta taɓa kiran sunan Yaya, ba ta ma kallonsa ido da ido, kunyar ɗan fari. Don haka ni ta kalla. Bakinta a karkace, maganar na fita da ƙyar.

"Ki gaya wa yayanki, hannu da ƙafa ne suka mutu. Kaina bai mutu ba." Ta huta. "Ina makullin ɗakina?"

Yana cikin jakata. Tun ranar da aka ɗauko ta nake yawo da shi, makulli ɗaya ɗaure da tsumman atamfa ja. Na sa mata a tafin hannu, ta damƙe, ba ta sake ba har barci ya ɗauke ta.

Washegari na zauna a bakin gado na ce, "Inna, me kike so?" Shekarata arba'in da biyar, ban taɓa yi mata wannan tambayar ba. Ashe abubuwan a jere suke a ranta. Ba ta son wankan ƙarfe shida, sai hantsi ya dubi ludayi. Ba ta son yarinyar da ta yi jika da ita ta riƙa tuɓe ta tana danna waya. Tana son jin kiran sallar masallacin layinsu. In ajali ya zo, tana so matan da suka yi zaman duniya tare su yi mata wanka. Ta rufe da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai da aka yi sati biyu ana ja da Yaya. Tsoronsa sanyin Jos ga Disamba ta kama, da kuma abin da mutane za su ce, wai ya kasa riƙe uwarsa. A ƙarshe ya sakko. Muka bi ta Keffi da Akwanga, tana kwance a kujerar baya, kanta a cinyata. Muna haura Hawan Kibo iskar nan mai sanyi ta shigo, sai ta ce a sauke gilashi.

Mai kula da ita ma ita ta zaɓa. Mu mun so a ɗauki mai takarda, ita ta ce Maman Biyu, maƙwabciyarta da mijinta ya rasu, wadda ta taɓa taya ta wankin shinkafar masa. Muka sasanta: Maman Biyu ta zauna da ita, wata ma'aikaciyar jinya da ke unguwar ta riƙa zuwa ranar Litinin da Alhamis tana auna hawan jini, ta kuma koya wa Maman Biyu yadda ake juya mara lafiya don kada gyambon kwanciya ya kama shi, da yadda ake ɗaga shi ba a finciki kafaɗar da ta shanye ba. Maganin hawan jini Inna ta yi alkawarin ba za ta tsallake ba. Gishiri ta yarda a rage, amma ta ce miyar kuka ba daddawa ba miya ba ce. Goro kuwa mun sha daga, aka tsaya a ɓari ɗaya bayan la'asar.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar kuɗi. Ta ce in Yaya ya turo, a ciro a kawo mata. Ranar farko da wata ya ƙare ina wurin. Ta zaro ƙullin daga ƙarƙashin matashi, ta danne shi da haɓa, ta kwance da hannu ɗaya, ta ƙirga a hankali tana lasar yatsa, ta miƙa wa Maman Biyu. Har ta ɗora mata dubu ɗaya ta ce na sabulu ne. Maman Biyu ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu tana "Allah Ya ƙara lafiya, Inna." Na ga kafaɗar Inna ta miƙe.

Kafin Janairu ta raba, ƙofarta ba ta rufuwa. Tana kan kujera a tsakar gida cikin rigar sanyi da safa, jikokin maƙwabta na karatun allo a gefenta, matan layi na kawo mata ƙullun masa ta ɗanɗana ta ce wannan bai tashi ba, wancan kanwa ta yi yawa. Ta koma zubin adashinta. Ta fara takawa da sanda daga ɗaki zuwa bakin rijiya.

Ban ce hankalina a kwance yake ba. Gidana yana Rikkos, kullum na kwanta sai na ajiye waya kusa da kunnena. Na roƙe ta a sa mata bokiti a ɗaki saboda dare, ta ce ita ba jaririya ba ce, da ƙafarta za ta je banɗaki. Na ƙyale ta, domin na yi mata alkawarin ba zan sake yanke mata magana ba.

Daren wata Laraba, wajen ƙarfe uku, wayar ta yi ƙara. Muryar Maman Biyu na rawa. "Anti, ki zo. Inna ta faɗi a bakin banɗaki."

Ina neman mayafina a cikin duhu, abin da ke raina shi ne da wane baki zan kira Yaya.

Mu haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.