Yadda muka haɗa sabobi uku da rumbun faifai a Katsina

A wurin da nake aiki, wata cibiya mai zaman kanta a cikin garin Katsina, mun daɗe kowace saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutocin ofis hidima, da nata faifan a cikinta. Ta lissafin kuɗi ta cika maƙil, ta wasiƙu kuwa rabin faifanta babu komai, kuma babu yadda za ka ɗebo daga wannan ka ƙara wa waccan. In ɗaya ta kwanta, bayananta sun kwanta da ita har sai an gyara. Da ƙyar dai shugabanni suka amince aka sayo rumbun faifai guda mai kwantarola biyu, wato na'urorin da ke sarrafa shi, da suwic biyu na faiba, inda wayoyin ke haɗuwa, da katin HBA, wanda ke haɗa saba da suwic, ga kowace daga cikin sabobinmu uku. Masu sayar da kayan suka turo injiniya daga Kaduna, ni kuma aka ce in tsaya tare da shi, tunda ni za a bar wa riƙon kayan in ya koma.

Irin wannan haɗin shi ake kira SAN, kuma wanda bai taɓa aikin ba yakan ɗauka shi da wani tsarin ajiya mai suna NAS duk ɗaya ne. NAS jaka yake ba ka ta cikin netwok, ka ajiye fayil ka ɗauko. SAN kuwa ɗanyen faifai yake miƙa wa saba, ta gan shi tamkar wanda aka cusa a cikinta, ita ce za ta tsara shi ta ɗora masa nata tsarin fayil. Ana kai shi ko dai ta Fibre Channel, mai nasa katuna da suwic da wayoyi, ko ta iSCSI, wanda ke bin netwok na Ethernet da muka saba da shi ta kafa mai lamba 3260. Mu Fibre Channel mai gudun gigabit 16 aka sayo mana. Da ni aka tambaya, ƙaramar cibiya irin tamu iSCSI a kan gigabit 10 ya ishe ta, muddin an ware masa suwic nasa, domin masu iya gyaransa sun fi yawa a garin nan kuma kayansa sun fi saurin samuwa. Amma abin da aka sayo shi ne a gabanmu.

Mun fara da waya. Kowane katin HBA kafa biyu gare shi: ɗaya ta tafi suwic na farko, ɗaya ta tafi na biyu. Kowace kwantarola ta rumbun ita ma kafa ɗaya a nan, ɗaya a can. Suwic ɗin biyu kuwa babu wayar da ta haɗa su. Na tambayi injiniyan ko ba gara a haɗa ba, su riƙa taimakon juna. Ya ce, “Malam, in ka haɗa su sun zama abu ɗaya. Kuskuren da ka yi a wannan zai tsallaka zuwa wancan. Gida ne mai ƙofa biyu amma duk ta zaure ɗaya ake bi.” Daga nan muka manna wa wayoyin ɓangare ɗaya jar alama, na ɗayan shuɗiya, kuma kowace waya aka rubuta a bakinta biyu inda ta fito da inda ta nufa.

Aikin ya faɗo ne a tsakiyar hunturu, kuma wanda ya san Katsina a watan Janairu ya san yadda ƙura ke shiga ko'ina, har ɗakin da aka rufe aka kunna masa na'urar sanyaya ɗaki. Tsakiyar zaren faiba irin OM4 da hasken ke bi faɗinta maikiron 50 ne, wato ya fi yawancin gashin kan mutum siranta, don haka ƙwayar ƙura ɗaya a bakin waya ta isa ta rage hasken. Abin haushin shi ne ba ta cika kashe layin gaba ɗaya ba. Fitila za ta nuna kore, amma a ɓoye bayanai na ta lalacewa a hanya ana sake aikawa, saba ta riƙa jan ƙafa ba ka san dalili ba. A suwic na Brocade irin namu, umarnin porterrshow ne ke nuna kurakuran CRC, wato ƙidayar bayanan da suka iso a lalace, na kowace kafa, sfpshow kuma ya gaya maka ƙarfin hasken da ke shigowa. Kafa ɗaya ta yi mana haka. Aka goge bakin wayar da ɗan alƙalamin gogewa da injiniyan ke yawo da shi a aljihu, lambobin suka tsaya cik. Tun daga lokacin ba na cire murfin roba daga bakin waya ko na SFP, wato 'yar na'urar hasken da wayar ke shiga cikinta, sai a daidai lokacin da zan soka, kuma ba na hura bakin waya da baki kamar yadda muke yi wa kan caja. Kada kuma ka leƙa cikin faiba don ka ga ko akwai haske. Leza ce, tana iya cutar da ido ba tare da ka ga wani abin kirki ba.

In layi ya ƙi tashi sam, sau da yawa zaren biyu na cikin wayar, na aikawa da na karɓa, su ne suka juye, mai aikawa ya fuskanci mai aikawa. Ka sauya su a baki ɗaya, shi ke nan. Haka kuma kafin a biya kuɗin suwic, a tambaya kafa nawa aka buɗe da lasisi, don ana sayar da mai kafa 24 alhali 8 ko 12 kawai ke aiki sai an ƙara biya.

Bayan waya sai suna. Kowace kafa ta Fibre Channel tana da lambarta da babu mai irinta a duniya, WWPN, haruffa da lambobi 16. Na katunan QLogic galibi da 21:00 suke farawa, na Emulex da 10:00, na rumbu kuma sau da yawa da 50. A Linux ana ganin su a ƙarƙashin /sys/class/fc_host. Ba a kwafe su da ido daga takarda. Daga allo ake ɗauka a liƙa, a ba kowace laƙabi mai ma'ana, sannan a yanka shiyya. Shiyya ita ce ke faɗa wa suwic wa aka yarda ya yi magana da wa. Ƙa'idar da muka bi ita ce kafar saba ɗaya tak a kowace shiyya, tare da kafofin rumbun da take buƙata. Zuba kowa a shiyya ɗaya ya fi sauƙi kuma zai yi aiki a ranar farko, sai dai duk lokacin da wata saba ta tashi ko ta kwanta, sanarwar za ta dami sauran. A Brocade, cfgsave ajiyewa kawai yake yi. Sai ka ba da cfgenable sannan sabon tsarin ya fara aiki.

A kan rumbun kuma aka haɗa faifan a RAID 6, wanda ke jure mutuwar faifai biyu a lokaci guda. Shugaban sashenmu ya so RAID 5 don a sami ƙarin wuri. Na ce masa, “Yallaɓai, in faifai ya mutu a nan, sabon daga Legas ko ƙasar waje zai zo. Duk kwanakin da muke jira, a RAID 5 saura ɗaya ya mutu mu rasa komai.” Ya yi shiru, ya ce a yi yadda muka gani.

Daga wannan tarin ake yanka LUN, wato yankin da saba za ta gani a matsayin faifai guda, a ce wannan na saba kaza ne, sauran kada su gan shi. A nan ne haɗarin da ya fi girma yake. In sabobi biyu suka ga LUN ɗaya, kowace ta ɗora hannu a kai da tsarin fayil na yau da kullum irin NTFS ko ext4, babu wadda ta san da ɗayar, kowace tana rubutu a inda ta ga dama, kuma bayanan sun lalace ke nan. Raba LUN tsakanin sabobi sai da tsarin da aka gina don haka, kamar VMFS na VMware ko kulasta ta Windows. Sabobinmu biyu manhajar ESXi ta VMware ce a kansu, suna raba LUN ɗinsu lafiya. Ta ukun mai Linux aka ware mata nata ita kaɗai.

Da muka sa ta ukun ta sake duba faifai, sai ga faifai huɗu masu girma ɗaya, alhali LUN ɗaya muka ba ta. Ba huɗu ba ne, hanyoyi huɗu ne zuwa abu guda: kafa biyu ta saba, kowace tana ganin kwantarola biyu. Manhajar multipath ce ke tattara su ta fito da faifai ɗaya a ƙarƙashin /dev/mapper, kuma shi kaɗai ake taɓawa, ba sunayen hanyoyin ɗai-ɗai irin sdb ko sdc ba. A Windows sunanta MPIO, kuma sai an girka ta, ba ta zuwa a kunne. Umarnin multipath -ll ya nuna mana huɗun: biyu ta kwantarolar da ke riƙe da LUN ɗin, su ake bi, biyu kuma suna jiran ko-ta-kwana.

Ni a wurina aikin bai ƙare a nan ba, ko da yake a nan mutane da yawa ke sa hannu a takarda su tafi. Hanya ta biyu da ba a taɓa gwada ta ba, zato kawai ake yi tana nan. Kafin mu ɗora bayanan gaske, muka sa sabar tana kwafar babban fayil, na zare jar waya. Kwafin ya ɗan tsaya na wasu daƙiƙoƙi, ya ci gaba. Na mayar, muka jira hanyoyin suka koma huɗu, na zare shuɗiya. Sannan muka kashe suwic guda ɗungurungum, daga baya muka sake tayar da kwantarola ɗaya. A wannan gwajin ne muka lura suwic ɗin biyu a layin wuta ɗaya masu haɗa rak, wato kabad ɗin ƙarfen da na'urorin ke ciki, suka soke su. Duk wahalar raba waya da muka sha, fiyus ɗaya zai iya mayar da ita banza. Aka raba su, kowanne da nasa UPS.

Maganar wuta a nan ba sai an faɗa ba. Rumbun yakan karɓi rubutu ya riƙe a ƙwaƙwalwarsa ta wucin gadi, ya ce wa saba an gama kafin ya kai kan faifai, kuma batiri ne ke kare wannan in wuta ta ɗauke. In batirin ya raunana, kwantarola za ta daina riƙewa ta koma rubutu kai tsaye, komai ya yi nauyi. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, ba ya barin batiri ya yi tsawon rai in sanyin ɗakin yana yankewa. Akwai kuma jerin kunnawa: suwic da farko, sai rumbu a bar shi ya gama tashi, sannan sabobi. Kashewa kuma daga sabobi ake farawa a bi a koma baya. In janareto ya tashi komai ya kunnu lokaci guda, saba kan riga rumbu shiryawa, ta duba ba ta ga faifanta ba. Muka sa wa sabobin jinkirin tashi a saitinsu, na kuma buga jerin da manyan haruffa na manna a ƙofar rak saboda mai aikin dare.

Yanzu a aljihun tebur ina da SFP biyu da wayoyin faiba na ajiya, don ba kayan da za ka shiga kasuwa ka tsinta ba ne. Duk farkon wata nakan ƙirga hanyoyin kowace saba in duba kurakuran kafofi. Abin da muke kai a yanzu da shugabanni shi ne kuɗin na'urar ajiye kwafi a wani gini daban. Su a ganinsu rumbu mai faifai da yawa ya wadatar, ni kuma ina ta nuna musu cewa fayil ɗin da ma'aikaci ya goge, ko wanda ƙwayar cutar kwamfuta ta kulle, RAID 6 ba ya dawo da shi. An ce in kawo farashi a zaman kasafin kuɗi mai zuwa.