Ranar da muka sauko da tankin kifina daga bene

Shekara huɗu da suka wuce, ranar da mai gilashi ya zo haɗa min tankin kifi a falonmu na saman bene a Tarauni, ya yi min wata tambaya da na ɗauka surutu ne kawai. Ya ce, "Alhaji, gidan naka ne ko haya?" Na ce haya ne, amma ba inda za ni. Bai ƙara cewa uffan ba, ya ci gaba da matsa silikon ɗinsa, wato gam ɗin da ake manna gilashi da shi. Falle-falle aka hau da gilasan nan, guda biyar, kowanne a naɗe cikin bargo, a tsakiyar falo aka manna su. Wato tun da aka yi tankin bai taɓa bi ta ƙofa a haɗe ba. Sai a Disambar da ta wuce, da Allah ya nufa muka kammala ɗan gininmu a Rijiyar Zaki, tambayar nan ta dawo min.

Tankin tsawonsa santimita 180, faɗinsa 60, zurfinsa 60, kaurin gilashinsa milimita 12. Yana cin ruwa kusan lita 600, kuma kowace lita kilo guda ce. Shi kansa gilashin, da na zauna da biro na lissafa, sai da na sake lissafawa don ban yarda ba. Murabba'in mita ɗaya na gilashi mai kaurin milimita ɗaya kilo biyu da rabi ne. Mai kaurin 12 ya zama kilo 30 ke nan, ni kuma nawa ya kusa murabba'in mita huɗu. Kilo 120, in an haɗa da 'yan sandunan gilashin da ke riƙe bakinsa daga sama ya doshi 130, babu ko ɗigon ruwa a ciki. In an zuba ruwa da yashi da duwatsu, abin yana kaiwa wajen kilo 800, nauyin buhun siminti 16. Duk shekarun nan wannan kaya yana zaune a saman ɗakin maƙwabcina na ƙasa, wanda nake jin da ya san lissafin da bai riƙa gaishe ni da fara'a haka ba.

Hanya biyu ce a gabana. Ko a yanke silikon da reza a raba gilasan a sake mannawa a sabon gida, ko a ɗauke shi a yadda yake. Mai gilashin ya fi son ta farko, kuma yana da hujja. Sai dai sabon silikon ba ya kama tsoho, dole a kankare kowane gefe tas, sannan a jira mako guda ko fiye ya bushe sosai kafin ya ga ruwa. Kifayena za su yi kusan mako biyu a duro cikin sanyin hunturu. Na ce a'a, a ɗauke shi ɗungurungum. Ya ce, "To, amma da sharaɗi: ni zan yi magana ranar, ba kai ba." Na yarda, kuma wannan ce shawara mafi kyau da na yanke a duk hidimar.

Abin da ya fara yi ya ba matata dariya. Kwana uku kafin ranar ya zo da siraran katako ya ƙera wani firam mara nauyi daidai girman tankin, muka ɗauka ni da ƙanina muka bi da shi hanyar da tankin zai bi. Ƙofar falo ta wuce lafiya bayan an cire ƙyauren. Matattakala ta farko ma haka. A kwanar bene, inda matattakalar ke juyawa, firam ɗin ya ƙi. Muka juya shi ta nan, muka juya ta can, ya cije tsakanin bango da ƙarfen dafawa. Da tankin gaske ne a hannunmu a wannan lokacin, mutum shida a tsaye kan matattakala da kilo 130, ba gaba ba baya, ban san yadda za a ƙare ba. Dabarar da ta fito ita ce a kira mai walda ya yanke ƙarfen dafawar na kwanar, a mayar bayan an gama. Mai gidan, Allah ya saka masa, bai hana ba.

Sai batun mazauna tankin. Ina da oska guda biyu, kifin nan na Kudancin Amurka mai kama da gargaza, kowanne ya kai tsawon tafin hannu biyu, da kurungu huɗu da na saya tun suna ƙanana a hannun wani masunci, da wani kifi mai tsotsar gansakukar gilashi. Na daina ba su abinci kwana biyu kafin tafiya. Yarana suka ce mugunta ce. Ba mugunta ba ce: kifin da cikinsa ke cike zai yi kashi a bokiti, kashin ya zama amoniya, kuma a ɗan ruwan bokiti amoniya ba ta ɗaukar lokaci take ƙona masa wurin numfashi. Lafiyayyen babban kifi kwana biyu ba abinci ba ya yi masa komai.

Ranar Asabar bayan asuba na fara zuƙe ruwa da tiyo. Na cika jarka takwas masu lita 25 da tsohon ruwan, lita 200 ke nan, don kada kifayen su faɗa cikin ruwan da bai yi kama da wanda suka saba ba. Da ruwa ya yi ƙasa na kwashe duwatsu, sannan na shiga kamu. An ce kifi na ganinka mai jar koma, to kurungu ya fi kowa gani. Kuma shi ba a kama shi da raga. Yana da ƙaya a baya da gefe biyu, in ya tsorata sai ya miƙar da su ya kulle, su sarƙe a raga, ka rasa yadda za ka cire shi ba tare da ka yanka ragar ko ka ji masa ciwo ba. Da robar ɗiban ruwa na riƙa kora su lungu ina kamfato su, suna ta wannan ƙarar tasu kamar ana murɗa tsohuwar ƙofa. Oska biyun kowanne kularsa daban, saboda in wuri ya yi musu ƙunci faɗa suke yi. Kula ta fi bokiti a irin wannan lokaci domin tana riƙe ɗumi, su kuma suna son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28. Na saka musu ƙaramin famfon iska mai batir na rufe.

Wajen ƙarfe goma 'yan dako suka iso, su huɗu, majiya ƙarfi. Babbansu ya leƙa tankin ya ga saura yashi da ɗan ruwa a ƙasa, ya ce, "Oga, bar shi haka, ai mun sauko da janareto ya fi wannan." Nan mai gilashi ya fara aikinsa na magana. Ya sa na yi musu lissafi: ruwa mai zurfin santimita biyar kacal a wannan tankin ya haura kilo 50, jiƙaƙƙen yashin kuma ya kusa ninka haka. Ya ce kuma ba nauyin ne ya fi damunsa ba. Da zarar an karkata tankin a matattakala, duk wannan kaya zai zube gefe guda ya daki mahaɗa ɗaya. Sai da muka kwashe yashin nan tas da faranti, muka tsane ƙasan da tsumma.

Wani abu da ya gaya musu ya zauna min a kai. Ya ce gilashin nan yana ɗauke da rabin tan na ruwa shekara huɗu bai yi ƙorafi ba, domin a zaune yake daram, nauyin ya bazu daidai ko'ina. Abin da ba ya jurewa shi ne murɗawa. In mutum ɗaya ya ɗaga kusurwarsa ya fi na sauran da ɗan yatsa biyu, akwatin zai so ya murɗe, gilashi kuma ba ya lanƙwasa, sai dai silikon ya saki ko gilashi ya tsage. Mafi muni ma, silikon yana iya saki ta ciki ba wanda ya gani, sai bayan wata biyu cikin dare ka ji ruwa a ƙafarka. Shi ya sa ya hana kowa kama bakin tankin na sama ko sandunan da ke gicciye, duk da cewa nan hannu ke fara kai wa. Ya zo da mariƙan gilashi guda huɗu, irin masu tsotse jikin gilashi da ake ɗaukar manyan tagogi da su. Da su aka ɗan ɗaga tankin aka zura shi kan wani kakkauran katako da aka shimfiɗa wa bargo, aka sa kwali a kusurwoyi, aka ɗaure da igiyar ɗaurin kaya mai faɗi, ba a tsananta ba. Daga nan katakon ake ɗauka, ba gilashin ba.

Saukowar ta ci minti arba'in, matattakala goma sha takwas. Mutum huɗu a ƙasa inda nauyin ke taruwa, ni da ƙanina a sama, mai gilashi yana gefe ba ya riƙe da komai sai baki. "Ɗaya. Tsaya. Ɗaya. Tsaya." Ya hana kowa cewa komai in ba "a ajiye" ba, kuma ya ce duk wanda ya ji hannunsa zai saki ya faɗa da wuri, ba abin kunya ba ne. Ya ajiye tsofaffin tayoyi biyu a kwana don a samu wurin hutawa. Ni na fara cewa a ajiye, a matattakala ta shida. Zoben azurfata ma sai da ya sa na cire, da agogo, da bel mai kan ƙarfe na ɗaya daga cikin yaran, wai ƙarfe in ya daki gefen gilashi ɗan ɓallin da zai yi shi ne mafarin tsaga. A kwanar, inda aka yanke ƙarfe, gefen katakon ya wuce bango da tazarar da ba ta fi kaurin yatsa ba. Babban 'yan dakon, wanda ya yi maganar janareto, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf a cikin wannan sanyi. Da muka dire a ƙasa ya ce, "Oga, wannan ba kaya ba ne, jariri ne."

A a-kori-kura muka shimfiɗa katifa, muka ɗora shi da katakonsa, muka cusa matasan kujera ta kowane gefe, ba a sa komai a cikinsa ba duk da matata ta so a zuba labulaye. Na roƙi direba ya bi a hankali. Tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba muka yi ta a awa guda da kwata, masu adaidaita sahu suna ta yi mana hon.

A sabon gida na ɗauka an gama, ashe saura. Muka ajiye teburin ƙarfen da tankin ke zama a kai a falo, mai gilashi ya ɗora lebur irin na magina, ɗigon ya gudu gefe. Tayil ɗin da nake ta yabo ya karkata da kusan santimita guda daga wannan ƙarshen zuwa wancan. A ido ba a gani, amma da ruwa a ciki gefe ɗaya zai riƙa ɗaukar fiye da rabonsa dare da rana. Aka sa 'yan faranta na ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafun teburin har ɗigon ya tsaya tsakiya, tsaye da kwance. Ya ja min kunne cewa tebur ake yi wa ciko, ba a taɓa cusa wani abu tsakanin tebur da gilashi ba, in ban da farin soson nan da ake samu a kwalin firji, wanda aka shimfiɗa falle guda don ya shanye ɗan tudu ko ƙwayar yashi. Muka zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, muka shimfiɗa jarida a ƙasa, muka jira. Ba ɗigo. Muka ƙara, muka jira. Sai bayan isha'i kifaye suka koma gidansu, cikin tsohon ruwansu da aka cika da na burtsatse.

Inda na yi sakaci ba a gilashi ba ne. A cikin matatar ruwan akwai soso biyu, baƙaƙe ƙirin da datti, kuma wannan dattin shi ne ran tankin. Ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya su mai da ita abin da ba ya cutar da kifi a nan suke zaune, kuma kafin su kafu a sabon tanki akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Na san haka, na sa sosunan a bokiti da tsohon ruwa don kada su bushe. Abin da ban yi ba shi ne gaya wa mutanen gida. Wata 'yar'uwarmu da ta zo taya mu jere ta ga ƙazanta a bokiti, ta ɗauki ɗaya ta wanke shi fes da garin sabulu ta shanya a rana. Tana shirin kama na biyun na shigo. Ba laifinta ba ne, ni ma da ban sani ba abin da zan yi ke nan. Na jefar da wankakken, na yi ta lallaɓa tankin da soso ɗaya: abinci kaɗan, canjin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kusan kullum har mako uku. Duk da haka a kwana na biyar na wayi gari ƙaramin kurungun ya mutu.

Oska kuwa, masu kiwonsa sun san halinsa na fushi. Babban ya kwanta a gefensa a ƙasan tanki, launinsa ya koɗe, ya ƙi kallon kowa, har ƙaramar 'yata ta fara kuka wai ya mutu. A rana ta huɗu da na zo wucewa da kofin shayi ya taso ya biyo ni daga wannan ƙarshen gilashi zuwa wancan yana buɗe baki. Na jefa masa ƙwaya uku, ya haɗiye, ya watsa min ruwa a hannun riga.

Har yanzu akwai falle ɗaya na jarida a ƙarƙashin teburin. Kowace safiya in na dawo daga masallaci nakan durƙusa in taɓa ta, matata tana tambayata sai yaushe zan ɗauke.