Kwali Uku a Ƙarƙashin Gado

Asabar, bayan sallar isha'i.

Ruwan daren jiya ne ya tashe ni tun kafin assalatu. Ina jin ya fara dukan kwano na diro daga gado, na durƙusa ina haska kwalayen nan da fitilar waya. Maigidan ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ko jariri ba kya yi wa wannan gadin." Ban tanka masa ba. Na jawo su ɗaya bayan ɗaya na shafa gindinsu, na ji babu laima, duk da haka sai da gari ya waye na sa yara suka shigo da bulo na ɗora su a kai. Damina da gara ba su san wahalar marubuci ba.

Kwali 5 aka kawo mini daga maɗaba'a wata huɗu da suka wuce, kwafi 100 a kowanne. Uku na nan ko ɗaurinsu ba a kwance ba. Na huɗun saura 40 a ciki. Abin da ya fita ɗin ma, in zan faɗa wa kaina gaskiya, 70 kyauta ne: na surukai, na malaman makarantarmu, na ƙawayen da in ba ki ba su ba a ce kin fara ɗaga kai. Shekara biyu na yi ina rubutun nan tsakanin duba jarrabawar ɗalibai da girkin dare. Na je reshen Ɗakin Karatu na Ƙasa na karɓo lambar rajistar littafi ta ISBN, na biya mai gyaran rubutu, na biya mai zanen bango da kuɗin adashina. Ranar da na ga sunana a bango na ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Da hantsi na sake kiran wakilin babban mai ƙaddamarwa. Kira na shida ke nan tun ranar bikin. "Hajiya, wallahi Oga ya yi tafiya, amma maganarki tana kan tebur." Tun kafin babbar sallah take kan teburin nan. Ranar ƙaddamarwar kuwa da sanƙira ya ambaci abin da aka sayi kwafi ɗaya, sai da ɗakin ya ɗauki tafi, Innarmu har da share hawaye. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, bayan an watse ina tattara kaya na tsinci kwafi uku a kan kujerun sahun gaba, ɗaya an ɗora masa robar ruwa har ta yi masa zobe a bango. Waɗanda suka fi kowa faɗar kuɗi mai yawa su ne suka tashi suka bar shi. Ba na zarginsu sosai. Sun zo kara ne, kamar yadda ake zuwa ɗaurin aure, ba karatu ya kawo su ba. Ni ce na haɗa lissafin kara da na ciniki.

Wajen ƙarfe 11 na hau a-daidaita-sahu zuwa Sabon Gari. Kasuwar duk ta yi caɓi, sai tattare zani ake ana tsallake kwata. Shagon dattijon da na ajiye wa kwafi 20 yana can cikin lungu. Na gaishe shi, ya turo mini benci da ƙafa yana sallamar wani malamin Islamiyya da ya zo sarin ƙananan littattafai dozin-dozin. Ina zaune ina zare ido ina neman nawa. Can na hango shi a ƙasan kanta, an jibga masa littattafan lissafi na firamare.

"Baba, ai kun binne ni da raina."

Ya yi dariya har da tari. Ya jawo wani tsohon littafin lissafinsa mai baƙin bango, ya lashi yatsa ya buɗe. Uku aka saya. Uku cikin wata uku. Tsarin dai shi ne na kullum, a ajiye, in an sayar ya cire nasa ya ba ni nawa, in ba a sayar ba in zo in kwashi kayana. Ya ƙirgo mini kuɗin ukun, sannan ya ce in zauna tukuna, ya aiki yaro ya sayo mini ruwa.

Mutumin nan ya fi shekara 30 a sana'ar, har gobarar 2016 ta ci masa shago ya sake tashi. In ya fara ba da labarin shekarun 1990 sai fuskarsa ta canja. Ya ce a lokacin ba ya ma samun zama. Marubuci zai raba labarinsa kashi-kashi, siriri-siriri, yadda kuɗin cefanen da ya yi saura zai iya saye. Kashi na ɗaya ya tsaya daidai inda amarya ta buɗe ƙofa ta ga abin da ta gani, sai a rubuta "mu haɗu a kashi na biyu". Matan aure su aiko yara da 'yar takarda an rubuta sunan littafin, a zo yau a ce bai fito ba, a dawo jibi. Masu ba da haya a cikin unguwanni su sayi biyar-biyar, littafi ɗaya ya zaga gida ashirin har bangonsa ya fita a ɗinke shi da zare. 'Yan sari su zo daga Sakkwato da Jos da Maraɗi da Damagaram su cika buhu. Ya tuna mini kuma da yadda ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama suke jera sunayen littattafan junansu a shafukan ƙarshe, kowane littafi yana yi wa ɗan'uwansa talla, ga jerin shagunan da za a samu. Na tuna kuwa. Ina 'yar sakandare ta wannan jerin nake sanin abin da zan nema a gaba, ina ɓoye shi cikin littafin kimiyya.

"Sai fim ya kwashi rabin marubutan," in ji shi, "waya ta zo ta kwashi masu karatun."

Ya zaro nawa daga ƙarƙashin tulin, ya busa ƙurar, ya juya shi gaba da baya kamar mai taya akuya. Ya ce ya yi kauri, da na raba shi biyu. Ya ce bangon ya yi kyau amma babu mutum a jiki, itaciya ce kawai da inuwa, mai wucewa ba zai san ko na soyayya ne ko na aikin gona ba. Ya karanta bayanin da na rubuta a baya a fili, a hankali, yana tsayawa a kan kowace babbar kalma, har na ji kamar in nutse. Sannan ya ce, "Malama, littafinki na masu digiri ne. Su kuwa masu digiri kyauta suke so a ba su, har da sa hannu."

Na ce farashin fa ba laifina ba ne. Ya ce ya sani. Takardar ɗab'i daga waje ake shigo da yawancinta, masana'antun da aka gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba su wadatar da ƙasar ba. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, kowane bandir na takarda da dala yake tashi. Naira 2,500 na sa wa kwafi, kuma ribar da ke ciki ba ta kai kuɗin motar zuwa karɓarta ba. Amma matar da ke riƙe da 2,500 tana tunanin man gyaɗa ne da magi.

Shawararsa ɗaya ce: in nemi hanyar da littafin zai shiga manhajar makarantu. Wanda duk ya shiga jerin littattafan jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, ya ce, shi kaɗai ne ake saye da kwali ba sai an roƙi kowa ba. A hanyar dawowa na yi ta juya maganar. Haka abin yake tun asali. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran boko na farko, don a samar wa 'yan makaranta abin karantawa aka yi ta. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 da kamfanin ɗab'i na NNPC da ya biyo baya a 1966, makaranta ce babbar kasuwarsu. Marubutan Kano na tsakiyar shekarun 1980 su ne suka nuna cewa Bahaushiya za ta ciro kuɗi daga bakin zaninta ta sayi labari ba don malami ya tilasta mata ba. Ni kuma na zo a makare, na buga littafi irin na makaranta ba ni da makaranta, na kai shi kasuwar da ta riga ta tashi.

Ina cikin a-daidaita na kira wani mai gabatar da shirin adabi a rediyo, wanda aka ba ni lambarsa. Ya yi fara'a sosai, ya ce rabin awa ta hira da karanta babi ɗaya ba matsala, sai ya faɗi kuɗin fili. Na lissafa a zuci, sai na sayar da kwafi kusan 40 kafin in mayar. Na ce zan yi shawara.

Na tarar da ƙanwata a gida, ta zo hutun ƙarshen mako daga jami'a, tana kwance da waya a saman fuska. Karatu take yi, kuma labarin Hausa ne. Ita dariya ma nake ba ta. Ta ce, "Yaya, wa yake buga takarda yanzu?" Ta nuna mini yadda marubutan WhatsApp suke yi. A saki shafukan ɗanɗano kyauta kullum da daddare, goma ko ashirin, har mutane su kamu. Daidai inda labarin ya ɗau zafi a rufe, a sa lambar asusu: mai son ci gaba ta biya, ta turo shaidar biya, a sa ta a rukunin waɗanda suka biya. Har da rukuni na musamman mai tsada ga masu son a turo musu da wuri. Wasu su sa a ArewaBooks ko Wattpad, wasu su sayar wa masu tashar YouTube a karanta da murya, mata na wanke-wanke suna saurare. Ina kallo na ce a raina, ai wannan kashi na ɗaya da na biyun Baba ne, shago kawai aka sauya. Ɓarayi ma ba su bari ba. Kowane shafi da ta nuna mini akwai "Allah ya isa ga duk wadda ta fitar mini da littafi" a samansa, kuma ita kanta a rukunin sata take karantawa. Na harare ta, ta ce kuɗin data ma da ƙyar. Ni abin da ke ba ni tsoro daban ne: OkadaBooks da mutane suka zuba littattafansu a ciki ta rufe a ƙarshen 2023. Kwalina ko ba komai ina iya shafa shi.

Ta buɗe sanarwar da na sa a Facebook ranar da littafin ya fito. "Allah ya sanya albarka" ya fi ɗari biyu. "A ina zan samu?" ya kai talatin, na ba kowa amsa, ban ga ƙeyar ko ɗaya ba. Mutum bakwai sun biyo ni ta akwatin saƙo suna cewa in turo musu PDF.

Bayan la'asar Iya dillaliya ta yi sallama, ta zo karɓar cikon kuɗin atamfar sallah. Ta sauke ƙullinta a tsakar ɗaki, turaren wuta da humra da mayafai da kwanukan tangaran, sai idonta ya faɗa kan kwalayen da ke kan bulo.

"'Yar nan, sabulu kika fara sari ba ki gaya mini ba?"

Na ce littafi ne, ni na rubuta. Iya ba ta yi boko ba. Ta karɓa ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta ce to me ke ciki. Na gyara zama na fara: littafi ne da ke nazarin halin da mata ke shiga a al'umma dangane da rabon gado...

"A'a, bar wannan. Wa aka cuta, wa ya yi cutar?"

Sai na ba ta labarin kamar yadda zan ba Innarmu. Mace ce mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata huɗu, tana cikin takaba ƙannensa suka sayar da gidan, ba ta sani ba sai da mai saye ya zo da magini yana auna soro. Iya ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta ce, "Tana cikin takaba? Ko arba'in ba a yi ba?" Ta fara lissafa mini da yatsu gidajen da ta san an yi haka, ba ta kama suna ba amma har da lungu. Ta tambaya ko matar ta kai su kotu. Na buɗe baki zan faɗa, ta ɗaga hannu ta ce kar in gaya mata a gaban ƙanwata, ai abin da za a saya ke nan.

Ta ce in ba ta goma. La'adarta 300 a kowanne, kuma ba ta yarda da biya lokaci ɗaya ba, matan da take shiga wurinsu sau biyu ko sau uku suke biyan komai, ko kwano ne. Na yi jim, don Baba ma bai kai haka ba. Ƙanwata ta zungure ni. Iya ta jera su tsakanin mayafai da kwalaben humra ta ɗaure, ta ɗora a ka. Wata huɗu ina neman hanyar shiga gidajen nan ta Facebook da shago, ita kuwa kullum da sallama kawai take shiga har uwar ɗaka.

Ana idar da magariba jikanta ya zo da kuɗi a ƙulle cikin leda. Huɗu sun tafi: biyu an biya duka, biyu an ba da rabi. Ya ce Iya ta ce wata amarya a bayan masallaci tana tambaya ko akwai kashi na biyu, kuma Iya ta ce mata akwai. Babu. Ban san yadda za mu kwashe da wannan ba.

Ɗazu na goge bayanin da ke kan shafina na sa maganar Iya kusan yadda ta faɗe ta: an sayar da gidanta tana cikin takaba, ko arba'in ba a yi ba. Maigidan ya leƙo ya karanta ya ce, "Au, dama abin da ke cikin littafin ke nan?" Nasa kwafin yana kan talabijin tun ranar ƙaddamarwa. Ranar 26 ga Agusta kuma akwai taron Ranar Hausa, ƙanwata ta ce za ta tsaya mini a tebur in zan biya ta da kuɗin data.

Yaron ya kawo saƙo na biyu har ya juya zai tafi sannan ya tuna. Iya ta ce a ba ta nata kwafin, shi zai riƙa karanta mata da daddare, don kar wata ta tambaye ta yadda aka ƙare a kotu ta ji kunya. Na ciro ɗaya daga kwali na huɗu na ba shi, na ce ya sa cikin riga saboda yayyafi. Na rubuta shi a layin kyauta, na 71.