Kafin a buɗe ƙofar fita: yadda muke kwashe baƙi daga wurin shaƙatawa idan ƙasa ta shiga tashin hankali

Aikina a babban wurin shaƙatawa mai lilo da jiragen wasa shi ne tsara yadda za a yi da jama'a idan rana ta ɓaci. Gobara a shago ɗaya ko lilo ɗaya da ya tsaya cak abu ne da muka saba da shi, kuma maganinsa a rubuce yake. Wanda ya fi wuya shi ne idan matsalar ta fi ƙarfin shingenmu, kamar hari a wani gari, girgizar ƙasa, mahaukaciyar guguwa ko annoba. A irin wannan rana tambayar farko da muke yi a ɗakin ba da umarni ita ce: idan mun fitar da mutanen nan, ina za su? Sai an amsa ta ake taɓa ƙofa.

Abubuwa biyu da suka faru su ne muke koyar da sabbin ma'aikata da su, domin hukuncin da aka yanke a cikinsu ya saɓa wa juna, kuma kowanne ya yi daidai. Ranar 11 ga Satumba 2001, da aka kai hare-hare a New York da Washington, an rufe wuraren wasan Walt Disney World da ke jihar Florida da hantsi, aka fitar da kowa. Abin tsoron a ranar shi ne taron jama'a kansa ya zama abin hari, kuma tituna da otal-otal na nan lafiya, don haka watsa taron shi ne tsira. Disneyland ta jihar California kuwa ba a ma buɗe ta ba, saboda can gari bai gama wayewa ba lokacin da abin ya faru. Kusan shekara goma bayan nan, ranar 11 ga Maris 2011 da ƙarfe 2:46 na rana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta afka wa Japan, alhali akwai mutum kimanin 70,000 a wuraren wasan Disney biyu da ke Urayasu kusa da Tokyo. Jiragen ƙasa sun tsaya, filin ajiye motoci ya tsattsage ruwa da laka suna ɓulɓulowa. Da an tura mutane waje da an jefa su cikin sanyi da duhu ba abin hawa. Sai aka riƙe su, mutum wajen 20,000 suka kwana a ciki.

Don haka tsarinmu yana da hukunci uku da shugaban aiki na ranar zai zaɓa a cikin mintunan farko: a fitar da kowa, a tattara mutane a fili a tsakiyar wurin nesa da gine-gine, ko a shigar da su cikin gine-gine masu ƙarfi a rufe. Mutum ɗaya ne yake yanke hukuncin, kuma sunansa yana rubuce a allo tun safe tare da na mataimakinsa. Na ga atisayen da ya ɓaci saboda manajoji biyu kowa yana jiran ɗan'uwansa ya yi magana. A ƙarƙashinsa kowane shugaban shiyya ba ya riƙe fiye da mutum biyar zuwa bakwai da yake ba umarni kai tsaye, domin idan suka fi haka saƙo yana ɓacewa a hanya. Da oba-oba muke magana, tasha ɗaya ta umarni, ɗaya ta likitoci, ɗaya ta injiniyoyi. Waya ba abin dogaro ba ce, domin a ranar tashin hankali kowa yana kiran gida a lokaci ɗaya, layi ya cushe.

Idan hukuncin fita ne, ba a fara da lasifika. Ana fara da rufe layukan shiga lilo a hankali da daina sayar da tikiti, sannan a bar kowane jirgi da ke kan hanya ya ƙarasa zagayensa ya dawo tasha da kansa. Wannan yana cin minti biyu ko uku, alhali sauke mutane daga tsakiyar dogo yana iya cin awa guda. Mai kula da lilon da ya firgita ya danna maɓallin tsayawar gaggawa ba tare da dalili ba ya ƙara mana aikin da babu shi a da, ya kuma ɗaure ma'aikata da yawa a wuri ɗaya.

Amma idan wuta ta ɗauke ko ƙasa ta girgiza, jiragen za su tsaya ko mun so ko ba mu so ba, kuma haka aka ƙera su. Layin dogon da jirgi mai hawa da gangara ke bi an raba shi gida-gida, kwamfuta ba ta barin jirgi biyu su shiga gida ɗaya. Birkunan da ke ƙarshen kowane gida sifirin ne yake matse su, iskar kwamfaresa ce take buɗe su, saboda haka da zarar wuta ko iska ta yanke sai su kama. A kan hawan farko kuma akwai haƙoran ƙarfe da ke hana jirgi komawa baya, su ne ƙarar ƙas-ƙas da ake ji yayin hawa. Wanda ke zaune a jirgin da ya tsaya a sama yana cikin aminci muddin yana ɗaure a kujerarsa. Haɗarin yana farawa ne lokacin da muka kwance shi.

Ga yadda muke yi. Injiniya yana kashe wutar lilon daga babban makunni ya sa kwaɗo, kowane ma'aikacin da zai hau dogo ya ƙara nasa kwaɗon ya riƙe makullinsa a aljihu, yadda ba wanda zai iya tayar da injin sai kowa ya sauko. Ma'aikaci ɗaya yana hawa matakalar gefen dogo tun kafin a shirya komai, aikinsa kawai ya tsaya kusa da mutanen ya yi musu magana, ya faɗa musu abin da za a yi, ya tambayi mai ciwon zuciya ko mai jin jiri. Sannan a ɗaure jirgin a jikin dogo. Ana buɗe ƙarfen kujera layi ɗaya bayan ɗaya da makulli na hannu, ba a taɓa sakin duka a lokaci guda, domin mutum ashirin da suka miƙe tare a kan siririyar matakala ba mai iya riƙe su. Mutum ɗaya ya fito, a sa hannunsa a kan ƙarfen riƙo, ma'aikaci a gabansa wani a bayansa. Wanda ba ya iya taka matakala, ko yaro ƙarami da ya ƙanƙame uwarsa, ana barinsa a ɗaure da wani a gefensa har masu kashe gobara su zo da kayan sauke mutum. Ƙafafun wanda ya daɗe a zaune cikin tsoro sukan yi sanyi, don haka muna sa shi ya tsaya daƙiƙa kaɗan kafin ya fara taku.

Babban jarrabawar injiniya a wannan lokaci ita ce sha'awar danne gargaɗin kwamfuta don a dawo da jirgi tasha da sauri. A watan Yunin 2015 a wurin wasan Alton Towers da ke Ingila, kwamfuta ta tsayar da jirgin wasan da ake kira Smiler saboda akwai wani jirgi marar kowa da ya maƙale a gaba, aka ɗauka kuskure ne aka sake shi da hannu. Ya je ya yi karo, mutum 16 suka ji rauni, 'yan mata biyu suka rasa ƙafa, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. Dokarmu ita ce ba a sake tayar da lilo sai mutum biyu sun ƙirga jiragen da idonsu sun ga inda kowanne yake. Lilon ruwa kuma nasa daban ne: idan injin tura ruwa ya mutu, ruwan sama yana gangarowa ya taru a ƙasa, kwale-kwale su zauna a kan ƙarfe a wani wuri su yi ta yawo a wani, don haka ba a sauke kowa sai ruwan ya daidaita.

Sanarwa tana zuwa bayan an buɗe ƙofofi, ma'aikata kuma sun tsaya a wurarensu. Lissafin da muke amfani da shi, wanda ke cikin littafin ƙa'idar filayen wasa na Birtaniya, shi ne mutum 82 suna wuce faɗin mita ɗaya a minti ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, a matakala kuma 66. Ƙofa mai faɗin mita 10 za ta fitar da mutum 820 a minti, wato mutum 40,000 za su ci kusan minti 50. Shi ya sa muke buɗe manyan ƙofofin gefe da hanyoyin bayan fage da motocin kaya ke bi, mu kauce wa ƙarafunan ƙirga tikiti masu wuce mutum ɗaya-ɗaya. Mutane kusan kullum suna komawa ta ƙofar da suka shigo ko da akwai wata a gabansu, sai an sa ma'aikaci yana nuna hanya da hannu yana magana. Idan cunkoso ya kai mutum huɗu zuwa biyar a murabba'in mita, na gaba ba ya iya tsayawa idan na baya ya turo, daga nan turmutsutsu yake tasowa. Mai kallon kyamara yana ganin haka kafin na ƙasa ya ji a jikinsa, sai ya sa a tare shiyyar baya na minti biyu ko uku har gaba ta sake.

Ana share wurin daga can ƙurya zuwa ƙofa. A 2001 ma'aikatan Disney sun jeru suna riƙe da hannun juna suna tafiya a hankali a bayan jama'a, har yau ba mu sami dabarar da ta fi ta ba. Bayan layin akwai masu duba banɗaki ɗaki-ɗaki, da ɗakin shayar da jarirai, da lungunan layin jira, su manna alama a ƙofar da suka duba. Yaron da ya rabu da iyayensa ba a kiran sunansa a lasifika. Ma'aikata biyu suke kai shi wurin haɗa iyali da ke kusa da ƙofa, kuma ba a miƙa shi ga kowa sai yaron ya gane mutumin kuma an rubuta shaidarsa.

Sanarwar da aka yi a Florida ranar harin 2001 ba ta faɗi dalilin rufewa ba, an dai raba wa mutane tikitin dawowa a bakin ƙofa. A wancan zamani hakan ya yi aiki. Yau kuwa labari yana shiga wayar baƙo kafin ya iso ɗakinmu, kuma ɓoye abin da kowa ya riga ya gani yana sa a daina yarda da sauran maganarmu. Ni dai ra'ayina a faɗi gaskiya a gajarce: abin da ya faru, cewa babu haɗari a cikin wurin idan haka ne, hanyar da za a bi, da lokacin da za a sake magana. A maimaita duk minti biyar da murya ɗaya, a kashe kiɗa, a kunna duk fitilu.

Riƙe mutane a ciki ya fi fitar da su nauyi nesa ba kusa ba. A Urayasu ma'aikatan shaguna sun kwaso 'yan tsanan auduga daga kanta suka raba wa mutane su kare kawunansu, suka raba biskit da alewar sayarwa, da yamma ta yi sanyi kuma suka fito da kwalaye da ledoji, abubuwan da a ranar yau da kullum ba a bari baƙo ya gani. Ba a shigar da jama'a gine-gine ba sai da aka duba lafiyar kowane gini. Abin da na ɗauka daga nan na sa a rubuce a tsarinmu shi ne izini tun kafin rana ta ɓaci: duk ma'aikaci, ko jiya ya fara aiki, yana da ikon ba da ruwa, abinci, bargo ko rigar ruwa daga kanta ba tare da neman sa hannun kowa ba. Lissafin kaya a yi shi daga baya.

Muna ajiye ruwan sha lita uku ga kowane mutum a yini, da banɗaki ɗaya ga mutum 50 a matakin farko. Banɗakin ne yake fara ba da kunya, domin idan wuta ta ɗauke injin tura ruwa ya tsaya, cikin awa biyu wurin ba ya shiguwa, don haka layin wutar injin yana kan janareto tare da ɗakin jinya, lasifika da firjin magani. Ma'aikatan jinya suna zagayawa da takarda suna tambayar mai ciwon sukari da ya bar allurarsa a otal, mai asma, mai juna biyu, mai jaririn da madararsa ta ƙare. Mai keken guragu na lantarki yana buƙatar caji kafin masu waya. Baƙon da ba ya jin harshen ƙasar shi ne ya fi kowa firgita, shi ya sa muke da jerin ma'aikata da harsunan da kowa yake ji. Ko waɗanda aka fitar ma aikin bai rabu da su ba: bayan harin 2001 jiragen fasinja ba su sake tashi a Amurka ba sai 13 ga Satumba, mutanen da kwanakin ɗakinsu suka ƙare suka rasa hanyar gida, dole otal ya ci gaba da riƙe su yana ciyar da su.

Ma'aikatan su ma 'yan ƙasar ne, hankalinsu yana gida. Wanda bai san halin da 'ya'yansa ke ciki ba ba zai iya kwantar wa wani hankali ba, don haka muna sakin su kaɗan-kaɗan su yi kira, muna canza masu tsaye a ƙofa duk awa biyu. Guguwa tana da sauƙi ta wannan fuska tunda tana ba da sanarwar kwanaki, kamar Irma a 2017 da Ian a 2022 da suka sa aka rufe wuraren Florida kwana bibbiyu. Ana neman masu sa kai da za su kwana a wurin tun da wuri, a ba su lokaci su fara kintsa iyalinsu.

Sake buɗewa ba ta bin matsin kasuwa. Walt Disney World ta Florida ta buɗe washegarin harin, 12 ga Satumba 2001, da teburan binciken jaka a bakin ƙofa. Disneyland ta Faris ta rufe kwana huɗu bayan harin da aka kai birnin ranar 13 ga Nuwamba 2015, Tokyo Disneyland kuwa ba ta sake buɗewa ba sai 15 ga Afrilu 2011. Bayan girgiza ko guguwa injiniyoyi suna taka dogon kowane jirgi da ƙafa, su duba ƙusoshi da walda da gindin ginshiƙai, a zagaya da jirgi ba kowa, a sake zagayawa da jarkokin ruwa masu nauyin mutum a kujeru, sannan babban injiniya ya sa hannu lilo ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai sami sa hannu ba yana nan a rufe ko da an buɗe sauran wurin.