Tukunyar da Inna ta wanke

Talata, bayan isha'i.

Hazo ya sauko sosai yau, tun asuba ko kukar bakin masallaci ba a gani sai an matso. Da nishaɗi na tashi. Hutu ya kama, takardun 'yan aji uku na gama duba su tun jiya, Auta ta dama kunun tsamiya ta soya ƙosai. Ban yi niyyar zuwa ko nan da ƙofar gida ba.

Wajen hantsi sai ga Kawu a kan babur, da wani abu ƙunshe a buhu ya ɗaure a baya. Fuskarsa cike da fara'a.

"Malam ƙarami, ga tsarabarka. Na san kai ne mai son tarkacen mutanen da."

Tukunya ce 'yar madaidaiciya, ba ta fi ƙwaryar fura ba. Bakinta ya ɗan gutsure, a wuyanta akwai zanen igiya da aka mirgina a kan yumɓu tun yana ɗanye. A rijiyar da ake haƙa masa a sabuwar gona aka ci karo da ita jiya. Na juya ta, na leƙa ciki. Fes. Har ƙamshin omo take yi.

"Kawu, wanke ta aka yi?"

"Ƙwarai kuwa. Cike take da baƙar ƙasa, ta daskare kamar dutse. Innarka ta jiƙa ta ta kwana, da safe ta kankare da cokali ta bi da soso. Ai ba na kawo maka datti ba."

"Ƙasar cikin fa?"

"An watsar a kwata mana."

Abin da ya fito daga bakina a nan shi ne ya hana ni kwanciya har yanzu. Na ce masa, "Ai kuwa kun zubar da kayan, kun kawo mini mazubin." Kuma da muryar da nake yi wa ɗalibai na faɗa. Kawu ya yi shiru, ya ninke buhunsa a hankali, ya ce, "To, Allah ya ba da haƙuri. Mu dai ƙasa muka ɗauke ta." Ko kunun bai tsaya sha ba.

Na zauna da tukunyar a cinya, raina a jagule ta fuska biyu. Na ɓata wa dattijo rai a kan kyautar da ya taso takanas ya kawo mini. Kuma asarar da aka yi ta gaske ce. Wannan dunƙulen ƙasar da ya tafi kwata, da an zuba shi a bokitin ruwa an motsa, duk ƙwayar hatsin da ta ƙone za ta taso sama a tace ta da ƙyalle. Ta haka aka gane mutanen Nok, mutanen da na tsakiyar Najeriya, suna cin gero da wake. Ƙwayar gero guda da ta zama gawayi ta isa a auna a faɗi shekarunta. Ko ciyawar da ta ruɓe tana barin wasu ƙananan ƙwayoyi masu tauri kamar gilashi, kowace iri da siffarta, ana ganinsu a madubin ƙara girma bayan dubban shekaru. Hatta maiƙon da jikin tukunya ya tsotsa yana ba da labari: a 2021 masu bincike daga Bristol da Frankfurt sun samu alamar kakin zuma a tukwanen Nok na kimanin shekara 3,500. Tawa kuwa ta kwana a ruwan sabulu.

Na ci abincin rana ban ji ɗanɗanonsa ba. Wutar lantarki ta zo ta koma. Yaya ya kira kan maganar kuɗin taki, na ce sai gobe.

Bayan la'asar na ari keken maƙwabci na nufi gonar. Niyyata in ba Kawu haƙuri, amma ban tarar da shi ba, sai Baba mai haƙa da yaronsa mai jan guga. Rijiyar ta kai gaba huɗu. Abin da ya fara ɗaukar idona tsibin ƙasar da suka fitar ne, don ba a wuri ɗaya suka tara ta ba. Tsibi huɗu ne, kowanne da launinsa.

"Baba, sannu da aiki. Me ya sa kuka rarraba ta haka?"

"Yawwa, sannu Malam. Ai kowace da amfaninta. Wannan yashin kawunka zai yi shafe da shi, lakar nan mata sun riga sun roƙa, baƙar kuwa gona za ta koma, ta fi taki."

"A cikin wacce tukunyar ta fito?"

Bai ko yi tunani ba. Ya nuna baƙar da dagin da ke hannunsa. Sannan ya karanto mini rijiyar daga sama har ƙasa kamar mai biya hadda. Gaban farko turɓaya ce, irin wadda iska ke kawowa, ba komai a ciki sai saiwoyi. Daga nan baƙar ƙasa, kaurinta ya kai kamu uku, ga toka, ga tsingaro, ga ƙasusuwa, tukunyar tana can kusa da gindinta. Ƙarƙashinta farin yashi mai laushi, da ɓawon katantanwa birjik. Sai laka mai danƙo, wadda suke ciki yanzu.

"Inda ka ga farin yashi da katantanwa, Malam, ruwa ya taɓa kwanciya a wurin. Ko kogi ko tabki. Ya janye, mutane suka zo suka zauna a kai, suka tashi, iska ta rufe. Ni shekara talatin ina shiga ƙasa, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Tsigar jikina ta tashi. Abin da na zauna a aji aka koya mini da zane a allo ke nan: na ƙasa ya riga na sama zuwa, muddin ba a tona an cakuɗa ba, kuma girman ƙwayar yashi yana nuna ruwa mai gudu ne ya ajiye shi ko ruwa mai kwanciya ko iska. Na ba shi labarin Daima, tudun nan da ke cikin firkin gabashin Borno, inda Bature mai binciken kufai Graham Connah ya yanka rami mai zurfin kusan mita 11 a 1965 da 1966. A can ƙasa kayan dutse ne da na ƙashi, babu ƙarfe ko kaɗan. Sai an hauro tsakiya ƙarfe ya bayyana, a sama kuma tagulla da duwatsun ado. Da kayan kawai aka kwaso aka zube a tabarma ɗaya, ba mai sanin wanne ya riga wanne. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe Baturen ma ɗan rijiya ne."

Shi ya kawo zancen kwalekwalen Dufuna da kansa, ya ce ya ji a rediyo tun yana saurayi. Ai kuwa mai haƙa rijiya ne ya gano shi, Malam Ya'u, makiyayi, a 1987, kusa da kogin Komadugu Gana. Sai a 1994 masu bincike Peter Breunig da Abubakar Garba suka fito da shi: kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, a zurfin mita 5, shekarunsa kusan 8,000. Na tambayi Baba ko ya san abin da ya hana itacen ruɓewa.

"Laka," in ji shi. "Abin da laka ta rufe a cikin ruwa, iska ba ta kai masa. Gara ma ba ta shiga."

Haka yake. A kan yashi aka same shi kwance cikin danshi, laka hawa-hawa a samansa. Kuma ƙasar ce ta nuna wannan yanki da muke kuka da fari a yau ya taɓa zama ƙasar ruwa. Tudun yashin da ya ratsa Maiduguri ya wuce Bama tsohuwar gaɓar Tabkin Chadi ce, lokacin da faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000. Ina wannan maganar ina share ƙura daga fuskar waya, sai na tuna yawancin hazon nan daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, wato busasshen gindin wancan tabkin. Shi muke shaƙa tun safe.

Na roƙi Baba ya sauke ni da igiya. Ya ƙi, ya ce ƙafar da ba ta saba ba ita ke rusa bango. Ya karɓi wayar ya sauka da kansa, ya haska, ya ɗauko mini hoton kowane hawa da dagin a jingine don a ga kauri. Ya kuma ɗebo mini ƙasa daga jikin bangon, daidai gurbin da tukunyar ta fito, don gurbin yana nan. Na zuba a leda huɗu, na yaga takarda na rubuta zurfin kowacce. A cikin baƙar, da idona na ga gutsattsarin gawayi. Na yashin ba zai yi aikin auna shekaru ba tunda ya ga haske. Masu wannan aikin bututu suke kafawa a bango su toshe bakinsa, saboda ƙwayar yashi tana riƙe lissafin rabonta da rana. Duk da haka na ɗeba.

Ina ɗaure ledojin yaron ya ce, ai Alhaji saboda baƙar ƙasar nan ya sayi gonar, har ya ƙara kuɗi a kan abin da aka yi ciniki. Wai ya zo da damina ya ga dawar wani ɓangare ta fi ta ko'ina duhu da tsayi, ya ce nan kufai ne. Toka da kashin dabbobi da ƙashi suna barin sinadarin fosfet a ƙasa, ba ya saurin wankewa, masu binciken kufai har awonsa suke yi don su gane inda aka yi turke da inda aka yi juji. Kawu da ido ya gane. Mutumin da na yi wa tsawa da safe ke nan a kan bai san darajar ƙasa ba.

Na biya ta gidansa da magariba, aka ce ya tafi gaisuwar mutuwa ƙauyen gaba, sai dare. Inna ta fito tana tambaya ko tukunyar ta yi kyau, ta ce sai da ta karya farce wajen kankarewa. Na ce ta yi kyau ƙwarai, na gode.

Gobe da hantsi za a kawo siminti a fara ɗaure rijiyar, bangon zai rufe. Ledojin suna ƙarƙashin gado tare da tukunyar. Na sa Auta ta tashe ni kafin kiran farko, in sami Kawu a masallacinsu tun bai hau babur ba.