Gari a ƙarƙashin gari

Ranar Asabar na je Cirencester, wani ɗan garin kasuwa a yammacin Ingila, kuma har yanzu abin bai bar zuciyata ba.

Ka tsaya a dandalin kasuwa, ga babban coci, ga masu sayar da burodi da furanni, alhali ƙasan ƙafarka birni ne guda na Romawa. Corinium suke ce masa, kuma a zamaninsa Landan ce kawai ta fi shi girma a Birtaniya.

A 1849 leburori na haƙar magudanar ruwa a titin Dyer sai suka ci karo da daɓen gidan wani attajiri, an jera ƙananan duwatsu masu launi ɗaya bayan ɗaya har suka fitar da hoton karnukan farauta. Na gan shi a gidan tarihin garin. Haƙurin mai wannan aiki, sai dai a ce masha Allah.

Amma abin da ya tsayar da ni shi ne dutsen kabarin wata mata, Bodicacia, da aka tono a 2015 a filin wani tsohon gareji. Rubutun kaɗan ne: sunanta, cewa matar aure ce, da shekarunta 27. Wani ya zauna ya sa aka sassaƙa mata wannan don kada a manta da ita. Daga baya aka kife dutsen a kan kabarin wani namiji, kuma kifewar ce ta hana rubutun gogewa.

Na daɗe a tsaye gabansa ina maimaita sunan a hankali, har abokin tafiyata ya taɓa ni ya ce, "Malam, za su rufe fa."