Daga Tankin Lita 40 Zuwa Na Lita 200

Tankina na farko mai cin lita 40 ne, wani mai yankan gilashi ya haɗa mini shi da gam ɗin silikon. Maƙwabcina da ya riga ni shiga harkar kiwon kifin ado shi ya kafa mini sharaɗi tun kafin in sayi kifi ko ɗaya. Ya ce, "Malam, cika shi da ruwa, kunna filta, wato matatar ruwan, ka bar shi haka wata guda. Kullum ka ɗan barbaɗa abincin kifi kamar akwai mai ci." Mutanen gida sun sha dariya. Uwargida kan ce wa baƙi ai maigida ruwa yake kiwo.

Gaskiya ta faɗa ba ta sani ba. Kashin kifi da ragowar abinci idan suka ruɓe suna zama amoniya, kuma ko kaɗan ce tana iya kashe kifi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, sai wasu su mayar da naitirait ɗin ta zama naitiret, mai sauƙin illa, wadda ake ragewa da canjin ruwa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyin yadda za su wadatar. Kafin su yaɗu su kama aiki ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Abincin da nake barbaɗawa su nake ciyarwa. Na sayi 'yan kwalaben gwajin ruwa, irin waɗanda ake ɗiga magani a ga launi ya sauya, na riƙa kallon amoniya tana hawa tana sauka, naitirait ta biyo bayanta ita ma ta sauka. Sai da duka biyun suka koma sifiri sannan na je sayen kifi.

Ruwan famfo yana da kulorin, kuma aikin kulorin kenan, kashe ƙwayoyin cuta, ba ruwansa da masu amfani ko marasa amfani. Don haka duk ruwan da zai shiga tanki sai na ɗiga masa maganin kashe kulorin. Wasu na barin ruwan ya kwana a bokiti, kuma hakan yana aiki idan kulorin ne zalla, amma idan irin wanda aka haɗa da amoniya ne, kwana ba ya fitar da shi. Maganin ba shi da tsada, na huta da tunani.

A shagon kifi ido ne ke fara yin ciniki. Jan kifin nan mai sheƙin zinariya shi yara suka nuna, na ce a'a. Kifin ruwan sanyi ne, yana girma ya wuce taƙi guda, ga yawan kashi. Akwai kuma baƙin nan mai manne baki a jikin gilashi, da ake sayarwa da sunan mai share tanki. Yana ɗan ƙarami abin sha'awa ne, amma irinsa na gama-gari yana wuce santimita 30, kuma dattin da yake zubarwa ya fi wanda yake sharewa. Na ɗauki gofi, 'yan ƙananan nan masu wutsiya kala-kala da asalinsu daga yankin Benezuwela da Tirinidad ne. Suna jure zafi, ba su da tsirfa a abinci. Da na kawo su gida ban kwance ledar nan take ba, na bar ta tana yawo a saman ruwa kamar minti 20 don zafin ruwan biyu ya daidaita, sannan na riƙa zuba ruwan tanki kaɗan-kaɗan a ciki, na kwashe su da raga. Ruwan shago bai shiga tankina ba.

Gofi ba ƙwai take sakawa ba, haihuwa take yi, kusan duk wata, kuma mace na iya ajiye maniyyin namiji ta ci gaba da haihuwa watanni ko babu shi. Kafin wani lokaci tankin ya cika maƙil, gwajin naitiret ya fara nuna ja tun kafin mako ya zagayo. Wanda bai shirya wa wannan ba ya sayi maza zalla, su ne ma suka fi kyau. Na raba da yawa ga masu tanki, wasu na mayar wa mai shago. A kududdufi ko rafi kam ban yarda a saki ko ɗaya ba, baƙon kifi yana iya hana na gida sakat.

Wannan cunkoson ne ya sa na yanke shawarar yin babban tanki mai lita 200. Mutane na ɗauka ƙarami ya fi sauƙin kula, amma ni akasin haka na gani. Ruwa mai yawa ba ya saurin ɗumama, ba ya saurin hucewa, kuma idan yaro ya zazzage abinci fiye da kima ba ya lalacewa cikin dare ɗaya.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan ruwan kaɗai kilo 200 ne, ban da gilashi da yashi da duwatsu. Teburin falo ba zai ɗauka ba. Na sa mai walda ya yi mini mazauni na ƙarfe, muka auna shi ya zauna daidai ba karkata, na shimfiɗa katako da siririn soso a ƙarƙashin gilashin. Na zaɓi mai tsawo da faɗi maimakon mai zurfi, domin ta saman ruwa iska ke shiga. Na kuma nisanta shi da taga, rana tana kawo gansakuka da zafi.

Ranar ƙaura, abin da na fi lallaɓawa shi ne tsohon soson filta, baƙi ƙirin da shi, mai ƙarni. Uwargida ta ɗauko shi za ta kai bakin famfo, na yi wuf na karɓe. Ƙwayoyin bakteriyar nan ba a cikin ruwa suke yawo ba, a jikin soso da tsakuwa suke manne. Na sa shi a bokiti da ruwan tsohon tanki don kada ya bushe, na dasa shi a sabon tare da sabon soso a gefensa, na ƙara da ɗan tsohuwar tsakuwa. Da wannan dabarar ban sake jiran wata guda ba. Kifayen da suka rage suka shiga a ranar, sai dai na dakatar da sayen sababbi na wasu makonni, ina gwaji, har sabon soson ya kama.

Da na tashi ƙara kifi sai na nemi 'yan gida. Akwai wanda masu shago ke kira kiribensis, asalinsa daga kogunan kudancin Najeriya da Kamaru, ga shi ya karaɗe tankunan Turai da Amurka, mu nan da yawa ba mu san namu ba ne. Na sayi mace da namiji, na kifa musu 'yar tukunyar ƙasa da na fasa wa baki. Idan macen ta shirya, cikinta kan yi jawur, ta riƙa lanƙwasa jiki tana karkarwa a gaban namijin. Ta shige tukunya ta ɓace kwanaki, sai wata safiya ga ta ta fito da tarin 'ya'ya kamar ƙwayoyin gero suna bin ta a kan yashi, uban yana zagaye yana korar duk wanda ya matso. A lokacin nan ba su da mutunci ko kaɗan, shi ya sa na fasa sa wani kifin da ke zama a ƙasa. Sama da tsakiya na ba tetira na Kwango, garke guda, domin idan suka yi kaɗan tsoro ke kama su su ɓuya. Masu launin nan na tafkin Malawi sun ja hankalina, amma faɗansu ya yi yawa kuma ruwan da suke so daban ne.

Shuka kuwa anubiyas na sa, ita ma 'yar Afirka ta Yamma ce, ba ta bukatar haske mai ƙarfi. Ba a binne kaurin jijiyarta a yashi, ruɓewa take yi. Da zare na ɗaure ta a jikin itace.

Abin da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba shi ne zafinmu da ɗauke wuta. Waɗannan kifayen sun fi son digiri 24 zuwa 27. A watan Afrilu ruwan kan haura 30, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai. Idan aka ɗauke wuta da rana za ka ga kifaye sun taru a sama suna buɗe baki. Na sayi ɗan injin iska mai caji, wanda ke ci gaba da aiki da kansa idan wuta ta tafi, kuma shi ke tura filtar soso. Ina buɗe murfi in juya fanka ta bugi saman ruwa, yana rage digiri ɗaya ko biyu, ina kuma rage abinci. Saboda bazara ne ban cika tankin da kifi yadda girmansa zai ɗauka ba. Da hunturu kuma sai hita, domin sanyin asuba na Disamba da Janairu yana raunana su, sai ka ga ciwon fararen ɗigo ya feso musu a jiki.

Duk mako nakan zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, ina tsotso dattin da ya kwanta a yashi. A cikin wannan ruwan nake matse soso, sannan a kai wa zogale da ke tsakar gida. Tsohon tankin ban yar ba, yana lungu da filtarsa tana aiki. Duk sabon kifi a can yake fara zama mako biyu zuwa huɗu ina duba jikinsa da cin abincinsa, kafin in yarda ya shiga babba.